Injin motata ya buga kuma garanti bai ƙare ba, me zan fara yi?

Abban Yusra: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma da gaggawa. Jiya da yamma muna kan babbar hanya ni da iyali, sai na ji wata ƙara daga gaban mota, ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar ana buga guduma a cikin tukunyar ƙarfe. Ina taka totur tana ƙaruwa. Kafin in gane abin da ke faruwa jar fitilar nan mai kama da buta ta kama, sai motar ta mutu. Sitiyari ya yi nauyi, birki ya yi tauri, da ƙyar na gangara gefen titi. Alhamdu lillahi ba wanda ya ji ciwo. Na murɗa makulli sau biyu, "ƙat" kawai take yi. Janwe ce ta dawo da ita gida. Sabuwa na saye ta a hannun dila, shekara 3 da wata 8 ke nan, ta yi kilomita 71,000. Littafin garanti ya ce inji da giya suna da shekara 5 ko kilomita 100,000. Bakanikena ya ce in kai masa gobe ya buɗe ya gani. In kai?

Mai Gareji: Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba. Ni bakanike ne, kuma ni nake ce maka kar ka kai. Kar ka bari kowa ya ɗora sifana a jikin injin nan, ko da ni ne. Ranar da wani ya kwance shi kafin dila ya gani, ka miƙa musu hujjar da za su ce ba su san yadda yake ba kafin a taɓa. Kuma ka daina murɗa makullin nan. Duk murɗawa ɗaya ƙara ɓarna take yi a ciki. Kar a cire kan batir, kar wani ya jona kwamfuta ya goge lambobin matsala. Ƙwaƙwalwar motar ta ajiye bayanin halin da injin yake ciki lokacin da matsalar ta taso, kuma wannan bayanin shaidarka ne.

Abban Yusra: To Oga, na gode. Baƙin man fa? Ƙanena ya ce a juye a zuba sabo ko za ta tashi.

Mai Gareji: A'a. Bar shi yadda yake, da shi da filtarsa. Abin da za ka yi kawai, zaro sandar awon mai ka ɗauki hotonta da rana, yadda za a ga inda man ya tsaya. Ka ɗauki hoton mitar kilomita, ka leƙa ƙarƙashin motar ka ɗauki hoton ƙasa, ko akwai ɗigon mai ko babu.

Bari in gaya maka abin da nake zato, duk da ban gan ta ba. Kiranshaf, wato babban sandan ƙarfen da fistin ke juyawa a ƙasan inji, yana juyawa ne a kan wasu 'yan faranti sirara da muke kira mital, kuma ba ya taɓa su, siririn mai ne yake shiga tsakaninsu da ƙarfin famfo. Idan man nan ya yanke, ko don ya ƙare, ko famfo ya gaza, ko wani datti ya toshe hanyarsa, ƙarfe ya fara cin ƙarfe ke nan. Mital ya siɗe, hannun fistin ya samu fili ya riƙa bugawa, ita ce ƙarar da ka ji. Daga nan sai zafi ya kama su su manne, shi ya sa makulli ba ya iya juya shi. Jar fitilar kuma ba cewa take mai ya ragu ba, cewa take mai ba ya kaiwa inda ake buƙatarsa. Da ta kama ana neman gefen titi a kashe mota, ba a cewa bari in ƙarasa gida.

Tsohon Direba: Yaro, sannunku da tsira. Ka yi ƙoƙari da ka iya sauka lafiya da iyali a ciki. Ga masu karantawa, in inji ya mutu kana gudu, birkin bai tafi ba, taimakon da inji ke ba shi ne ya tafi. Akwai saurar iska ta taka ɗaya ko biyu, don haka kar ka yi ta famfa shi, ka taka sau ɗaya ka danne da ƙarfi. Ka kunna fitilar haɗari. Kar ka zare makulli, don wasu motocin sitiyarinsu kullewa yake yi.

Abban Yusra: Na gode Baba. Wallahi famfa shi na yi ta yi, ban sani ba.

Maman Ihsan: Abban Yusra sannu, ya jikin uwargida da yara bayan firgita? Irin wannan ya same ni shekara biyu da suka wuce, don haka abin da na gani zan faɗa. Tambayar farko da za su yi maka ita ce ina shaidar juyen mai. Yau ɗin nan ka zauna ka tattaro duk rasit, ka jera su bisa kwanan wata, ka rubuta kilomitar kowane juye a takarda ɗaya. Ni nawa guda biyu suka ɓace, a kansu aka fara ce mini babu garanti. Gwiwata ta yi sanyi, na kwana ban yi barci ba. Washegari na koma wurin da ake yi mini juye, mai wurin ya ciro wani tsohon littafi duk shatin mai a jikinsa, muka bi shafi-shafi har muka ga lambar motata da kwanakin. Na ɗauki hoto, ya rubuta mini takarda ya sa hannu, na haɗa da shaidar banki ta kuɗin da na tura masa a waɗannan ranakun. Da wannan aka sake buɗe maganar.

Abban Yusra: Suna lafiya Hajiya, na gode. Nan ne hankalina ya tashi. Juye huɗu na farko a wurin dila na yi, sauran a wurin bakanikena. Ɗaya kuma ban ga rasit ɗinsa ba. Wani ya ce mini tun ranar da na fita daga hannun dila garantina ya mutu.

Kawun Hanif: Ba haka take kai tsaye ba, ya danganta da dokar ƙasar da aka sayar da motar da kuma abin da littafinka ya ce. A Amurka akwai dokar Magnuson-Moss ta 1975, wadda ta hana kamfani soke garanti don kawai mutum ya yi gyara a wani gareji ko ya sa kayan da ba nasu ba. Sai in wannan aikin ko kayan ne ya jawo lalacewar. A Tarayyar Turai ma mai mota yana da damar yin sabis a gareji mai zaman kansa muddin an bi ƙa'idar kamfani. Wasu wuraren kuwa sharaɗin a rubuce yake cewa sai a wurinsu. Ka buɗe littafin ka karanta shafin abubuwan da garanti bai ɗauka ba, kalma bayan kalma, ka kuma duba ko man da ake zuba maka shi ne lambar da suka rubuta.

Abu na biyu, kuma ina ganin ya fi muhimmanci. Ka ɗauki lambar jikin motar, wato VIN, mai haruffa da lambobi 17, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Ka sa ta a shafin kamfanin ka ga ko an taɓa yin kiranye a kan irin injinka, wato kamfani ya ce a dawo da motocin ya gyara wata matsala. Ba kullum laifin mai mota ba ne. A 2015 Hyundai ya kira motocin Sonata na 2011 da 2012 kusan 470,000 a Amurka, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage a cikin inji tun daga masana'anta yana tare hanyar mai zuwa mital. A 2024 Toyota ya yi makamancin haka da Tundra da Lexus LX kimanin 102,000, kuma sabon inji aka sa wa masu su kyauta. Idan motarka ta faɗa cikin kiranye, maganar ta sauya gaba ɗaya, don gyaran kiranye ba ya jiran garanti.

Ɗan Autan Zaure: Ni dai da nawa ra'ayin daban. Dila zai riƙe maka mota wata biyu ko uku yana cewa ana jiran amsa daga sama. Ka sayi inji na hannu, bakanikenka ya ɗora cikin kwana uku, ka ci gaba da harkarka.

Maman Ihsan: Ƙanina, jiran akwai shi, ni sati bakwai na yi. Amma inji yana cikin abubuwan da suka fi komai tsada a jikin mota, kuma kuɗin garantin nan yana cikin abin da ya biya ranar da ya saye ta. Haƙƙinsa ne. Na hannun kuma ba ka san irin wahalar da ya sha ba kafin ya zo gare ka. In da garanti ya ƙare ne sai in goyi bayanka.

Anti Mai Inshora: Ku bar ni in ƙara kaɗan daga ɓangaren aikina. Abban Yusra, ka shiga ruwa mai zurfi da motar a 'yan kwanakin nan? In inji ya zuƙi ruwa ta hancin iska, fistin ba ya iya matse ruwa, sai hannunsa ya lanƙwashe. Wannan garanti ba ya ɗauka, cikakkiyar inshora ce ke iya ɗauka. Lalacewar da inji ya yi da kansa kuma inshorar mota ba ta biya. Mutane suna yawan haɗa su.

Idan ka kai ta, kar ka bar wurin sai an ba ka takardar karɓar mota mai kwanan wata da kilomita da koken da ka kawo, da bakinka yadda ka faɗa. Ka karanta kafin ka sa hannu. Za su iya neman izinin buɗe inji, kuma sau da yawa sharaɗin shi ne in aka ƙi garanti kai za ka biya kuɗin buɗewar, don haka ka tambayi nawa ne tun kafin. Ka kira sashen kula da abokan ciniki na kamfanin da kansa, ba dila kaɗai ba, su ba ka lambar koke. Duk wanda ka yi magana da shi ka rubuta sunansa da ranar. In sun ƙi, ka ce a rubuta maka dalili, ka kuma nemi a nuna maka kayan da aka ciro. Ka tambaya ko suna ba da motar aro, wasu ba sa faɗa sai an tambaya.

Abban Yusra: Ban shiga ruwa ba Anti. Na rubuta duka. Gobe da safe janwe za ta kai ta.

Baban Sadiq: Tawa tambayar ta kusa da wannan. Ni ta hannu na saya, daga wata ƙasa aka shigo da ita. Ina da wani abu?

Kawun Hanif: Garanti yana fara lissafi ne daga ranar da aka sayar wa mutum na farko, ba ranar da kai ka saya ba. Wani yana bin mota, wani yana raguwa. Misali Hyundai da Kia a Amurka suna ba mai saye na farko shekara 10 ko mil 100,000 a kan inji da giya, na biyu kuwa shekara 5 ko mil 60,000. Kuma yawanci garantin na yankin da aka sayar da motar ne, in ta tsallaka wata nahiyar da wuya ya bi ta. Ka kai lambar VIN wurin wakilin kamfanin su duba maka.

Abban Yusra: 'Yan uwa ga inda aka kwana, yau kwana 12. A gabana suka sauke kwanon ƙasan inji. Man yana ƙyalli kamar an barbaɗa masa garin azurfa, har da 'yan gutsattsarin ƙarfe a gindin kwanon. Sai suka buɗe murfin sama, ciki fes, ruwan zuma, babu daskararren mai ko kaɗan. Shugaban makanikan ya ce wannan ya nuna ana yin juye a kan lokaci, ya ɗauki hotuna ya tura. Rasit ɗin da ya ɓace kuma na bi shawarar Hajiya, shaidar banki ta wadatar. Ɗazu suka kira, an amince. Sai dai sun ce rabin inji za su sa, ba cikakke ba. In karɓa?

Mai Gareji: Masha Allah, na ji daɗi ƙwarai. Rabin inji shi ne bulo da kiranshaf da fistin sababbi, sai a mayar da kan injinka na da. Aiki ne mai kyau in an yi shi da gaskiya. Abin tsoron shi ne garin ƙarfen nan ya zagaya duk inda mai ke bi. Ka nemi su rubuta maka cewa za a wanke kan injin a auna shi, a duba famfon mai, a canja na'urar sanyaya mai idan tana da ita, don ba ta wankuwa sosai. In akwai turbo shi ma a duba shi, mai ɗaya suke sha. Idan suka ga kamshaf, wato sandan da ke buɗe bawul, ya karce, ka tsaya a kan sai cikakke.

Anti Mai Inshora: Ka tambaye su garantin sabon aikin a rubuce. Galibi ba ya komawa farko, ragowar na da ne yake ci gaba, wani lokaci da ɗan ƙari a kan kayan da aka sa. Lambar injin ma za ta canja tunda bulo sabo ne, ka karɓi takardar da ke nuna tsohuwar lamba da sabuwa don takardun mota da na inshora su dace.

Tsohon Direba: In sun ba ka ita, makonnin farko ka lallaɓa ta, ban da gudu mai tsanani da kaya mai nauyi. Kullum da safe kafin ka tayar, ka zaro sanda ka duba mai, ka leƙa ƙasa.

Abban Yusra: Allah ya saka wa kowa da alheri. Sun ce kayan za su iso cikin sati uku, sun kuma ba ni ta aro bayan na tambaya. Oga, ranar da za su buɗe kan injin ina so in je in tsaya a wurin. Me zan duba a jikin kamshaf ɗin?

Mai Gareji: Ka sa farcenka ka ja a kan wuraren da yake kwanciya. In ya wuce sumul, lafiya. In farcen ya maƙale a wani layi, ɗauki hoto ka turo mini kafin su rufe.