Yaya mai jawabi zai riƙe hankalin babban taro?

Mai tambaya, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. An ba ni minti 30 in gabatar da maƙala a Gidan Arewa, kuma ina fargabar hankalin jama'a ya watse tun ban kai rabi ba. Don Allah ku ba ni shawara.

Malama, Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka sunkuyar da kai kana karanta takarda, domin da zarar idonka ya bar jama'a, su ma nasu zai koma kan waya. Tun farko ka faɗi batutuwan da za ka taɓo, kuma duk wanda ka kammala ka sanar kafin ka shiga na gaba, saboda wanda tunani ya ɗauke ya san inda zai tarar da kai.

Dattijo, Kawo:
Malam, ka isa da wuri ka gwada lasifika, ka sa wani ya zauna a kujerar ƙarshe ya gaya maka ko yana jin ka sosai. Babban zaure yana amsa kuwwa, don haka ka sassauta sauri. Idan bayan Azahar aka sa ka, lokacin da ciki ya yi nauyi, ka buɗe da gajeren labari.