Muhawara: Shin Sherpa T na Bultaco ne ya kashe baburan tirayal na Ingila?

Malamin Sakandare: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga maganar da na kawo yau, kuma ina nan a kanta: babur ɗaya tak, Sherpa T na ƙaramin kamfanin Bultaco da ke kusa da Barsalona a Sifaniya, shi ya yi ajalin baburan tirayal na Ingila. Ga wanda bai san tirayal ba, gasa ce da ba a duba gudu. Ana shata maka hanya ta cikin duwatsu da rafi da saiwoyin itatuwa, ka bi a tsaye a kan babur. Ka dafa ƙasa da ƙafa sau ɗaya, an rubuta maka maki 1. Ka faɗi ko ka kasa fita, maki 5. Mai ƙarancin maki shi ne zakara. Tun 1909 aka fara babbar gasar Sikotland, wadda ta zama ta kwana shida, kuma babur ɗin da ba ƙirar Birtaniya ba bai taɓa cin ta ba sai a 1965, da mahayi Sammy Miller ya zo da Sherpa T. Daga ranar labari ya sha bamban.

Oga Makanike: Wa alaikumus salam Malam. Ban musa 1965 ba, amma kalmar "kashe" ta yi nauyi. Wanda aka tarar yana shure-shuren mutuwa ba a ce wanda ya shigo ƙarshe ne ya kashe shi ba. Duba babur ɗin da Miller yake hawa kafin nan: Ariel mai inji 500 irin mai bawul, mai lamba GOV 132. Da shi ya ci Sikotland a 1962 da 1964. To amma kamfanin Ariel, wanda ke hannun kamfanin BSA, ya daina ƙera masu irin wannan injin tun 1959, ya koma kan ƙananan baburansa Leader da Arrow. Wato zakaran ƙasa yana hawa babur ɗin da masu shi suka riga suka yi watsi da shi, shi ne ke ta rage masa nauyi da hannunsa. Mutumin da gidansu ya bari da tsohon kaya, in maƙwabci ya kira shi ya ce zo mu ƙera sabo, laifin maƙwabcin ne?

Ɗan Koyo: Oga, a yi mini bayani don Allah. Inji 500 ai ya fi 250 na Sherpa T ƙarfi. Ta yaya ƙaramin ya kayar da babban?

Oga Makanike: Yaro, ka tuna tsohuwar Yamaha mai hayaƙi da muka buɗe kwanan baya? Noti huɗu ka kwance, kan inji ya fito a hannunka, ga fistin yana kallonka. Babu bawul, babu sarƙar da ke juya su, babu tukunyar baƙin mai a ƙasa. Irin wannan injin ne a Sherpa T, 244 ne ma cif. Duk abin da babu shi a ciki nauyi ne da aka sauke. Yanzu ka sa kanka a tsakiyar rafi, dutse mai gansakuka a gaban tayarka, ruwa na dukan salansa. Abin da kake bukata shi ne ka ɗan murza mai, gaban babur ya ɗaga, ka ɗora taya inda kake so. Babur mai nauyi shi ke jan mai shi, mara nauyi kuwa mai shi ke sarrafa shi. Miller gwani ne, ya iya da Ariel. Amma talakan mahayi da ya sayi Sherpa, ranar farko zai ga makinsa ya ragu.

Malamin Sakandare: To ai Oga ka ba ni hujja da bakinka. Abin da ya sa na ce ya kashe su ke nan: ya sauya abin da mai saye yake nema.

Mai Kayan Gyara: Malam, a yi mini afuwa, akwai abin da aka tsallake. Ana magana kamar Ingila ba ta san inji mai hayaƙi ba sai da Sifaniyawa suka nuna mata. Ina Greeves? Ina Dot da Cotton? Duk ƙananan kamfanoni ne masu ƙera baburan tirayal marasa nauyi tun kafin Sherpa T. Don Smith ya zama zakaran Turai a kan Greeves. Kuma bayan 1965 ɗin ba a share su nan take ba: a 1966 Alan Lampkin ya ci Sikotland da BSA, a 1969 Bill Wilkinson ya ci da Greeves. Gawa ba ta cin gasa. Abin da ya karya su ni na san shi, don sana'ata ce. Ba su ke ƙera injinsu ba, wajen kamfanin Villiers na garin Wolverhampton suke saye. Da Villiers ya daina sayar musu a ƙarshen shekarun 1960, sai aka bar su da gangar jiki babu zuciya. Greeves ya nemi injin Puch daga Ostiriya, Cotton da Dot suka koma Minarelli na Italiya, ƙananan injina. Na sha ganin haka a shagona: babur lafiyarsa lau, amma da zarar kayansa sun yanke a kasuwa, shekara biyu ka gan shi jingine da bango kaji na kwana a kai. Bultaco kuwa injinsa nasa ne, in mahayi ya ce a gyara kaza, gobe an gyara.

Malamin Sakandare: Alhaji, wannan na karɓa, maganar Villiers gaskiya ce. Amma ka lura ina Don Smith ɗin ya ƙare: kamfanin Montesa na Sifaniya ya koma, ya taya su gina baburinsu na tirayal, Cota. Mick Andrews ya tafi Ossa, shi ma kamfanin Sifaniya, ya ci Sikotland sau uku a jere daga 1970 zuwa 1972. Miller ne ya buɗe wannan ƙofa, sauran suka bi. Kuma har yau idan Turawan suka shirya gasar tsofaffin babura, shekarar 1965 suke sa wa iyaka, a ce sai ƙirar da ta riga ta. Su da kansu sun san inda zamani ya rabu biyu.

Ɗan Koyo: To Malam, yabon na wa ne? Na ji ana cewa cikin kwana 12 Miller ya haɗa babur ɗin.

Oga Makanike: Haka ake ba da labari, a gonar mai kamfanin aka yi aikin a 1964. Amma kada ka ɗauka daga ƙasa ya fara. Akwai Sherpa N da ma, babur ɗin daji, shi aka gyara wa tsayuwar gaba da giya da yadda injin ke ja a hankali. Kuma ka san waye mai gonar? Francesc Xavier Bultó, da ake kira Paco. Shi da Pere Permanyer suka kafa Montesa a 1944. Da aka ce za a janye daga tsere saboda matsin kuɗi, sai ya fice, ya kafa Bultaco a 1958, sunan ma daga Bultó da Paco aka haɗo shi. Mutumin da ya bar kamfanin da ya kafa saboda son gasa, shi ne zai zauna ya saurari mahayi. Wannan sauraron ne manyan Ingila suka rasa, shi ya sa har yanzu nake ɗora laifin a kansu.

Mai Kayan Gyara: Kuma Malam ka dubi ƙarshen Bultaco ɗin. Gasar duniya ta fara a 1975, su suka ci biyar na farko: Martin Lampkin, sai Yrjö Vesterinen ɗan Finland sau uku, sai Bernie Schreiber ɗan Amurka a 1979. A wannan shekarar ta 1979 masana'antar ta rufe saboda yajin aiki da faɗuwar ciniki, ga baburan Japan sun cika kasuwa. An sake buɗewa a 1980, aka rufe gaba ɗaya a 1983. Kambun duniya na hannunsu ƙofa ta rufe. Wane babur ne ya ƙwace musu kambun duniya a shekarar? Babu. Abin da ya ci su daga cikin gida da kasuwa ya fito, kamar dai na Ingila.

Malamin Sakandare: Wannan ta taɓa ni, Alhaji, don ina ƙaunar kamfanin nan. Na janye "kashe". Abin da ba zan janye ba shi ne, duk babur ɗin tirayal da aka ƙera bayan 1965 sawun Sherpa T ya bi. Ko kamfanin babura na Sherco da Marc Teissier ya kafa a 1998, sunansa Sherpa da Bultaco ne aka haɗa.

Ɗan Koyo: Oga, amma Toni Bou da yake cin duniya tun 2007, Montesa yake hawa mai injin Honda, kuma mai bawul ne. Ashe irin injin da aka ce an binne ya dawo ke nan?

Oga Makanike: Ya dawo, amma sai da aka rage masa nauyi har ya kusa kamo mai hayaƙi. Gobe in ka zo gareji zan ɗora maka kan injin biyu a hannu, ɗaya dama ɗaya hagu, ka ji bambancin da kanka.