Dan Allah ya zan yi manya su buɗe baki su yi Turanci kafin IELTS?

Malamin Ƙauye:
Salamu alaikum jama'a. Ni malamin Turanci ne a wata jeka-ka-dawo a ƙauyen Ringim, to shine mutum huɗu suka same ni in shirya su jarabawar IELTS, wato ta gwajin Turanci ga masu son fita waje aiki ko karatu, biyu nas ne, ɗaya unguwarzoma ce mai 'ya'ya uku, ɗayan kuma digiri na biyu yake son fita yi. Muna zama bayan la'asar. Karatu da rubutu wallahi suna ƙoƙari, amma da na ce yau magana za mu yi sai kowa ya sunkuyar da kai, ka yi tambaya a ba ka kalma biyu shikenan. Ita Hajiya unguwarzomar ma cewa ta yi kunya take ji kar ta kwafsa a gaban yaran da ta girma. Saura wata uku, kuma kuɗin rajistar nan ba wasa ba, ɗaya sai da ya sayar da riɗinsa. Na fara rubuta musu amsoshi suna haddacewa, anya hakan zai fisshe su?

Nas Ɗan Gumel:
Wa'alaikumussalam Malam. Don girman Allah ka tsayar da haddar nan, ni ita ta kayar da ni karon farko. Mu da muka tashi da allo hadda ba ta mana wuya, na zuba abina tiryan-tiryan, mai jarabawar na jin salon ya canza tambaya, nan take na kafe. Maki 6 na samu, alhali hukumar nas-nas ta Ingila 7 take so a magana.

Jarabawar maganar duka minti 11 zuwa 14 ce, kai da mutum ɗaya, ana ɗaukar murya. Kashin farko hirar gida ce da aiki da garinku. Na biyu a ba ka kati mai batun da za ka yi magana a kai da fensir, minti 1 ka yi tunani, sai ka yi magana har minti 2 kai kaɗai ba mai tayaka, nan ne mutanenmu suke zubewa domin sakan 40 sun gama. Na uku kuma a ja ka da me ya sa, ya kake gani. To ka sa agogon waya kullum kowa ya cika minti biyun nan, kuma a kan abin da ya sani, ranar kasuwa, yadda ake girbin gero, daren da aka kawo mai naƙuda ba wuta a asibiti. Wanda ya san labari ba ya rasa ta cewa.

Maman Biyu, Haɗeja:
Malam maganar Hajiya ce ta tsaya min. Ba rashin Turanci ba ne fa, mace mai shekarunta ba za ta saki jiki gaban samari ba, ni ma haka na yi fama. Ka ce ta riƙa turo maka saƙon murya ta WhatsApp in yara sun yi barci, minti biyu kullum, kai kuma kar ka gyara komai da komai, kuskure biyu kawai ka ɗauko, in ka yi mata ruwan gyara gobe ba za ta turo ba. Bayan sati biyu ko uku sai ta fara a aji. Sannan ka faɗa musu a ɗakin jarabawar gajeriyar amsa ba ladabi ba ce, asarar maki ce. Mu an koya mana in babba na tambaya ka taƙaita ka kau da ido, can kuwa so ake ka amsa ka kawo dalili ka ƙara da misali.

Tsohon Hedimasta:
Ɗana, na yarda da su amma kar a zubar da hadda gaba ɗaya. 'Yan kalmomin haɗa zance da yadda ake roƙon a maimaita tambaya, waɗannan a haddace su ba laifi. Abu huɗu ake aunawa, gudun magana da haɗuwarta, yawan kalmomi, nahawu, da furuci. A furucin ba a ce sai ka koma Bature ba, a gane ka kawai ake so. Inda yake kama Bahaushe shine p da f, sai v da b, da wasalin da muke cusawa tsakanin baƙaƙe. Ka sa su riƙe takarda gaban baki, in p ce ta gaskiya takardar za ta motsa.

Malamin Ƙauye:
Allah ya saka da alheri. Baba na gwada ta takardar jiya, har Hajiya sai da ta yi dariya ta karɓa ta gwada, kuma da daddare ta turo muryarta ta farko, minti 1 da sakan 10 a kan rigakafin yara. Ɗan Gumel in ba damuwa ko za ka kira su ranar Asabar ka zama mai jarabawar? Sun saba da muryata, ina so su ji baƙuwa.

Nas Ɗan Gumel:
Ba komai Malam, ina aikin safe ranar, a bari sai bayan isha'i. Kowa ya yi cajin wayarsa.