Duwatsun da muke tsinta a gona, ga abin da na tattaro

Jama'a ga taƙaitawar shawarwarin da aka ba ni a majalisa kan baƙin dutsen nan da na tsinta wajen Kufena a Zariya bayan ruwan sama. Yawanci sun ce kashin ƙarfe ne na maƙeran da, wato dattin da ke saura bayan an narka tama, domin an narka tama sosai a yankin nan har Samaru, alamarsa ƴan ramuka kamar soso da gefen da ya daskare kamar narkakken kaki, kuma ni ma nan na karkata gaskiya duk da raina ya so ace daga sama ya faɗo, irin na Zagami a ƙasar Katsina a 1962 wanda aka tabbatar daga duniyar Mars yake. Shi na sama bai cika ramuka ba, ɓawonsa baƙi siriri ne. Kama mayen ƙarfe kaɗai ba hujja ba ne cewa daga sama yake, kashin ma wani lokaci yana kamawa. Jan dutse mai burtsatsi marmara ce kawai. Mai santsi da baki irin na gatari kuwa gatarin aradu ne, hannun mutanen da ya wasa shi.

Baba tsoho ya ce don Allah kar in fasa, in ɗau hoto, in tuna wurin da na tsince shi, in kai sashen Akiyoloji (nazarin kayan tarihin mutanen da) na Jami'ar Ahmadu Bello, ABU.