An kira mu taron jin ra'ayi kan faɗaɗa titin unguwarmu, wa ya taɓa zama irinsa?

Baban Walida, Kumbotso

Assalamu alaikum jama'a. Mai unguwarmu ya sa an yi shela bayan sallar isha'i cewa ranar Asabar ma'aikatan gwamnati za su zo makarantar firamare su ji ra'ayinmu a kan faɗaɗa titin da ya ratsa unguwa, da sabuwar magudanar ruwa. Gidana yana layin farko, awon igiya ne ba awon gwamnati ba, kuma ba ni da komai sai takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da dagaci da shaidu. Don Allah waɗanda suka taɓa zama irin wannan taro, me ake yi a ciki? Maganar mutum tana sauya wani abu kuwa?

Ɗan Dorayi

Wa alaikumus salam. Malam, ka je, amma kada ka sa rai da yawa. Mu a namu jan fenti ne ya riga taro zuwa. Mun wayi gari mun ga alama a jikin katangu, sai daga baya aka ce a zo a ji ra'ayinmu. Ra'ayin me kuma, bayan an gama awo?

Aka kafa rumfa, manya suka zauna gaba. Wakilin wane ya yi jawabi, wakilin wane ya yi godiya, kowa sai ya bi sarautu ɗaya bayan ɗaya kafin ya shiga magana. Taswirar kuwa wani yaro ne ya riƙe ta can kusa da teburin manya, daga inda muke ba ka ganin komai sai layuka ja da shuɗi. Lokacin da aka zo tambayoyi an kusa kiran azahar, aka ba mutum kaɗan dama, su ma waɗanda aka san ba za su tayar da ƙura ba. Abin da ya fi ƙona min rai takardar da aka zagaya da ita aka ce kowa ya rubuta suna ya sa hannu. Da muka koma ƙorafi daga baya, ita aka ɗauko aka nuna mana, wai ai ga shi an tuntuɓe ku kun amince.

Hajiya Mai Ɗinki, Gwale

Ku ma maza da kuke kuka, ai ku an kira ku. Mu shelar ma ba ta iso mu, tunda a masallaci ake yinta. Gidan da nake ciki na marayu ne, ni ce a kansa tun rasuwar mai gidan, amma sai da aka yi taro aka watse na ji labari a bakin mai kawo mana ruwa. Abin haushin kuma maganar kwata ce da magudana. Wa ya fi mu sanin ta inda ruwa yake shigowa gida? Mu ne muke kwana kwalfa da bokiti idan aka yi ruwan dare a watan Agusta.

Da za su dawo zagaye na biyu sai muka haɗa kai a Islamiyyarmu ta matan aure, malamarmu ta rubuta mana takarda, muka sa hannu, masu dangwale suka dangwala. Buƙatu biyu kawai muka sa: kada a toshe lungun da yara suke bi zuwa makaranta, kuma famfon bakin layi idan an cire a mayar mana da shi a kusa. Famfon an mayar. Lungun dai an toshe, yanzu sai yara sun zagaya ta bakin titi.

Tsohon Safiyo

Baban Walida, bari in yi maka bayani a matsayin wanda ya daɗe yana zama ɗaya ɓangaren teburin kafin in yi ritaya. Ɗan Dorayi bai yi ƙarya ba, sau da yawa zane yana riga taro. Dalili kuwa, kafin a zo unguwa an riga an sa aikin a kasafin kuɗi, wani lokacin har an ba da kwangila. Wanda aka turo muku ba shi da ikon cewa an fasa titi. To amma ba komai ne ya bushe ba. Faɗin titi da wuya ya taɓu. Abin da yake taɓuwa shi ne inda magudana za ta zubar da ruwanta, inda za a bar mahaɗa ko wurin juyawar mota, inda za a sa gadar tsallakawa, wa'adin da za a ba mutane kafin katafila ta shigo, wani lokacin ma tsakiyar titin takan ɗan gusa. Wanda ya tashi ya ce mu ba ma son aikin gaba ɗaya, za a tafa masa a wuce. Wanda ya ce ruwan da kuka nufa gabas zai taru a bayan makaranta saboda can ne kwari, wannan injiniya zai ciro biro.

Na ga haka da idona a wani ƙauye da gari ya cim masa. Mun gama kafa turakun awo, wani dattijo da ko kujera bai samu ba ya ja ni gefe ya ce, yaro, nan da kuka bi tsohuwar maƙabarta ce. Babu ita a taswirarmu, babu katanga, ciyawa ce kawai da 'yan tudunni. Muka kira dagaci ya tabbatar. Aka koma ofis aka karkatar da layin. Da dattijon ya yi zamansa a gida, da sai katafila ce za ta gaya mana.

Sai maganar doka, don ita ce mutane suka fi jahilta. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna, yana riƙe da ita amana. Sashe na 28 ya ba shi ikon karɓe fili saboda amfanin jama'a, irin su titi da makaranta da asibiti. Sashe na 29 kuma shi ne na diyya, kuma a nan ake yawan rigima, domin abin da ake biya shi ne abin da ka ɗora a kan ƙasar, gini da shuka da rijiya, ba kuɗin da fili yake yi a hannun dillalai ba. Akwai kuma dokar tsara birane ta tarayya ta 1992, wadda ta tanadi a baje daftarin tsari jama'a su gani, mai ƙorafi ya kai a rubuce. Manyan ayyuka kuwa, irin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi ko bututun gas na AKK (Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano), doka ta wajabta a yi nazarin tasirinsu ga muhalli, kuma akan ajiye rahoton kwana 21 na aiki don mutane su duba. Sanarwar takan fito a jarida da Turanci, rahoton kuma ƙaton kundi ne a sakatariyar ƙaramar hukuma. Ku gaya min manomi nawa ne zai je ya karanta.

Tushen matsalar Kano dai gari ne ya tsere wa tsari. Babban tsarin birnin da masanin tsara birane Trevallion ya zana na shekara 20 ne, daga 1963 zuwa 1983. Yanzu birnin ya mamaye ƙananan hukumomi 8, kuma mafi yawan sababbin unguwannin Kumbotso da Ungogo mai gona ne ya yanka da igiya ya sayar, ya bar lungun da ko motar kashe gobara ba za ta shiga ba. Duk titin da za a fitar a irin wannan wuri dole ya bi ta ɗakin wani.

Mai Shagon Waya, Fagge

Baba Safiyo, Allah ya ƙara lafiya, amma akwai waɗanda ba ka ambata ba, mu 'yan haya. Lokacin da aka rushe layin shagunanmu, mai ginin aka kira taro, shi aka rubuta, shi aka biya. Ni da na biya kuɗin shekara, na yi silin da tayil da kanta da kuɗina, ko sunana ba a tambaya ba. Mai ginin ma ba a unguwar yake zaune ba, ya san da maganar tun da wuri ya yi shiru, har ya karɓi kuɗin haya sabo. Mun je gaban mai unguwa, da ƙyar ya mayar min da wani abu.

Abin da na lura, wanda yake da ƙungiya shi ake saurara. Ku dubi 'yan kasuwar Filin Idi da aka yi wa rusau a 2023. Ni ba na cikinsu, amma kowa ya ji yadda ta kaya: ƙungiyarsu ta je Babbar Kotun Tarayya, aka yanke a biya su naira biliyan 30, daga baya aka yi sulhu a kan biliyan 3. Ko me mutum zai ce game da halascin gina shaguna a wurin, da ɗai-ɗai suka je da ba su samu ko sisi ba. Baban Walida, idan akwai masu haya a layinku ku tafi da su.

Auta, Ungogo

Mu gona ce ta gado. Aka kira taro a ƙofar gidan dagaci a kan za a yi awon gwamnati a yankin, tsarin kashi mu raba, wato a yanka filaye gwamnati ta ɗauki nata kaso ta ba masu gona nasu. Kawunmu ne babba, shi ya je, ya dawo ya ce an gama magana. Bai tambayi kaso nawa ba, bai tambayi ko a cikin gonarmu za a ba mu ko a wani wuri ba, kunya ta hana shi magana gaban hakimi. Gonarmu tana bakin hanya, filayen da aka ba mu suna can ciki kusa da rafi. Har yau gwaggonnina ba sa ga-maciji da shi.

Wani abu kuma, tun kafin a yi shelar taron dillalai suka fara yawo suna sayen gonaki da tsada kaɗan fiye da yadda aka saba. Mutane suna murna sun samu ciniki. Ashe su sun riga sun ji ƙamshin abin.

Sakataren Matasa, Tarauni

Ni ban yarda da cewa duk ihu bayan hari ba ne. A unguwarmu an so a yanka gefen filin makarantar firamare a yi shaguna. Ba mu jira an kira mu ba, mu muka kira taron. Muka gayyaci mai unguwa da kansila da shugaban makaranta da limamai, muka rubuta abin da aka tattauna, kowa ya sa hannu a ƙarƙashin matsaya, ba a takardar halarta ba. Muka kai kwafi ma'aikatar da abin ya shafa da ofishin ɗan majalisarmu, ko'ina sai an buga mana hatimin karɓa a namu kwafin muke tafiya. Da muka ji shiru muka je gidan rediyo. Filin yana nan, yara suna ƙwallo a ciki.

Kuma mu riƙa faɗa wa kanmu gaskiya. Kududdufan da aka cike a cikin gari aka yi gini a kai, da yawa mu ne muka saya muna sane. Da ruwa ya shiga Kantin Kwari a daminar 2022, maganar da kowa yake yi ita ce gine-ginen da aka ɗora a kan magudanai. Waɗannan ba baƙi ne suka gina su ba. Idan an zo fitar da hanyar ruwa kowa ya ce a bi ta gidan maƙwabci.

Ɗan Dorayi

Sakatare, ku kun ci sa'a abin ya zo dab da zaɓe, faɗi gaskiya. Amma maganar hatimin karɓa na yarda da ita. Mu da baki muka yi ta yi, shi ya sa da aka sauya jami'in sai aka ce ba a san da zancenmu ba.

Baban Walida, Kumbotso

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba Safiyo, to takardar da za a zagaya da ita fa, in sa hannu ko in ƙi? Kuma mai awon igiya irina yana da rabo a diyya?

Tsohon Safiyo

Ka karanta abin da aka rubuta a samanta tukuna. Idan ta halarta ce ka sa, don ita ce shaidar kana cikin waɗanda abin ya shafa, sannan ka ɗauke ta hoto da wayarka. Wadda za ka yi hattara da ita ita ce ta ranar ƙiyasta gini. Kada ka sa hannu a fom ɗin da ba a cike ba, kuma kada ka wakilta yaro. Ka tsaya a ƙirga ɗakuna a gabanka, a rubuta irin rufi da daɓe, rijiya, masai, katanga, har bishiyar da ke tsakar gida. Ka ɗauki hoton gidan ciki da waje tun yau. A ayyukan da na yi an biya masu awon igiya kuɗin gininsu, takardar cinikin nan da shaidar mai unguwa su aka duba, sai dai mai takardar mallaka ta gwamnati ya fi ka ƙarfin yin jayayya. Idan kuɗin bai yi maka ba, sashe na 30 na dokar 1978 ya ce a kai saɓanin gaban kwamitin rabon filaye na jiha, a rubuce.

Ranar Asabar kuma ku roƙi abu uku kafin a tashi: a manna taswirar a ƙofar gidan mai unguwa ta kwana biyu kowa ya gani, a faɗi mita nawa za a ci daga tsakiyar titi zuwa kowane gefe, a ba ku sunan ofishin da za ku kai takarda. Ku zaɓi masu magana tun daren Juma'a, kowa da batunsa, kada mutum biyar su tashi su maimaita godiya.

Hajiya Mai Ɗinki, Gwale

A cikin masu maganar a sa mace ko ɗaya ce, Malam. Kuma ka ce wa mai unguwarku ya aika Islamiyyar mata da sanarwar tun gobe, a tanadar musu tabarma a ciki, ba a bayan taga ba.