Neman kalma: me za mu kira “faitorimidiyeshan” da Hausa?

Mai fassara: Assalamu alaikum. Ina neman Hausar wannan kalma, wato amfani da tsirrai a ƙasar da guba ta gurɓata. Na sa “tsaftace ƙasa da tsirrai”. Ya yi?

Malamin kimiyyar ƙasa: Wa alaikumus salam. Bai yi ba, Malam, don sau da yawa tsiron ba ya cire komai. Dalma, alal misali, a saiwa take maƙalewa, kaɗan ce ke hawa ganye. Aikin ciyawa a nan hana ta yawo ne: saiwa ta riƙe ƙasa kada iska ta kwashi ƙura, ganye kuma ya zuƙe ruwan da zai gangara da gubar. Guba tana nan daram. Ni “turke guba” zan kira wannan. Wanda tsiro ke janyo ta zuwa kara da ganye, a yanke a kwashe, shi ne “tsotson guba”, kamar yadda tsiron da ake kira Pteris vittata ke yi wa gubar arsenik.

Malama mai nazarin tsirrai: Na yarda da rabon. Sai dai DDT (maganin ƙwari) da PCB (sinadaran masana'antu), da ke cikin sinadarai masu guba 12 na farko da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Stockholm ta 2001 ta lissafa, halinsu daban ne. Da ƙyar suke narkewa a ruwa, maiƙo suke bi, sai su manne a bawon saiwa da ruɓaɓɓen ganyen da ke cikin ƙasa. Dangin kabewa ne suka yi fice wajen hawar da su sama. Galibi ƙananan halittun cikin ƙasa da ke ci daga abin da saiwa ke fitarwa su ke farfasa wasunsu a hankali. Wannan na uku “ruɓarwar gindin saiwa”. Su kansu sinadaran a ce musu “guba mai naci”.

Mai fassara: To uwar kalmar fa, Malama?

Malama mai nazarin tsirrai: “Jinyar ƙasa da tsirrai.” Jinya ba ta alkawarin warkewa.

Malamin kimiyyar ƙasa: Ta zauna. Amma kada a haɗe turke da tsotso a rubutu, don aikinsu kishiyar juna ne. Mai turke yana zuba farar ƙasa har pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa, ya kai wajen 6.5 zuwa 7, dalma da kadmiyam su lafa. Mai tsotso so yake su narke. Nan ake ɓarna: a zuba EDTA, sinadarin da ke sako ƙarfe daga ƙasa, dalma ta narke fiye da abin da saiwa za ta iya sha, ruwan sama ya tura sauran cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Arsenik kuma a juye yake, takin fosfet da farar ƙasa na iya sako shi, don haka a auna ƙasa kafin a zuba komai. Ganyen tsotso in an bar shi ya zube, guba ta dawo saman ƙasa ke nan. A yanke kafin kaɗewa, kada dabba ta ci, a zubar da shi inda ake zubar da shara mai guba.

Mai fassara: Na gode. Na gyara: jinya a kanu, ukun a ƙarƙashinta.