Ƙwayar cuta ta shiga jinin jaririnmu: mu nemo furotin C ne?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata ce ta haihu, ko suna ba a yi ba jaririn ya daina kama nono, jikinsa ya yi sanyi, numfashi sama-sama. Yanzu yana ɗakin jarirai a asibiti, an ce ƙwayoyin cuta ne suka shiga jininsa, ana ta allurai. Yayanmu da ke Ingila ya bugo waya, wai ya karanta ana ba irin waɗannan jarirai furotin C, mu nemo ko nawa ne. Masu sani, mu matsa wa likitoci ko mu ƙyale?

Wani likitan yara: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Furotin C hanta ce ke yin sa, aikinsa hana jini daskarewa fiye da kima. Idan cuta ta yi tsanani a jini yakan ragu, shi ya sa aka yi zaton ƙara shi zai taimaka. Kamfanin Eli Lilly ya fitar da Xigris, wato maganin furotin C, Amurka ta amince da shi ga manya a 2001. Da aka gwada shi kan yara, a 2005 aka tsayar da gwajin: ba a ga amfani ba, ga fargabar zubar jini a ƙwaƙwalwa, musamman ga 'yan ƙasa da kwana 60. A 2011 kamfanin da kansa ya janye shi daga kasuwa, don ko a manya bai rage mutuwa ba. Ina jin tsohon rubutu Yaya ya ci karo da shi.

Akwai wani nau'in, Ceprotin, amma an yi shi ne don jaririn da aka haifa da ƙarancin furotin C na gado, wanda fatarsa ke fitar da manyan tabo baƙaƙe. Wannan ciwo daban ne, kuma sai an gwada jini.

Wata ma'aikaciyar jinya: Gaskiyar Dakta. Hajiya, abin da za ku tambaya shi ne: an ɗebi jini don gano irin ƙwayar? Ampicillin da gentamicin, alluran kashe ƙwayoyin cuta, ake fara bayarwa, kwana 7 zuwa 10, in bai ji sauƙi ba a canza. Kada ku ɗauke shi daga asibiti saboda kun ga ya fara shan nono, nan ne mutanenmu ke faɗuwa. Mai jego ta riƙa tatsar nono ana ba shi, kowa ya wanke hannu kafin ya taɓa shi, 'yan barka kuma su dakata a gida.

Wata uwa: Ku duba cibiyarsa ma. In an gasa ta da tsumma ko an shafa toka ko man goge baki, ku faɗa wa likita, kada kunya ta hana.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Gwoggonmu ta gasa cibiyar kam, da safe zan sanar da su. Dakta, sakamakon jinin yakan ɗauki kwana nawa?

Likitan yara: Galibi kwana 2 zuwa 3, amma ba a jiran sa kafin a fara allura.